Shekarar da Na Raɗa wa Alhazan Adjamé Suna

Na gaji da jin labarin nan daga bakin gwaggonku Rakiya. Duk Sallah sai ta tara ku a tsakar gida ta ba ku shi, kuma duk shekara sai ta ƙara masa gishiri. Bara ta ce alhazai ɗari na zaga. Bana na ji da kunnena tana cewa har da liman. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, da Hausa kuma, don ku ɗanɗana wahalar da nake sha in kuna yi mini taku Hausar. Kai Maigida, kai ne babba, ka karanta wa ƙannenka. Inda ka maƙale ka je wajen kakarku, kar ka zo mini da "papa, ça veut dire quoi", wai me ake nufi. Na farko dai, su arba'in da uku ne. Na biyu, babu liman a ciki. Na uku, ni ban zagi kowa ba, tsari na yi, tsarin ne ya fita waje ba da izinina ba.

Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu. Lekol, wato makarantar boko, na bar shi tun a katriyem, aji uku na sakandare, kuma ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne, laifin baki ne, don babu malamin da ban liƙa wa suna ba. Kakanku Alhaji Isufu yana da shagon shadda na sari a Adjamé, nan Abidjan, irin wanda 'yan kasuwa ke zuwa su ɗauki bandir-bandir su kai nasu shagunan. A shekarar gwiwoyinsa suka fara gardama da shi, sai ya ce bayan Babbar Sallah zai miƙa makullin shago ya koma zaman benci. Kowa ya san wa za a ba. Ni ne namiji ɗaya tilo. Yaya Rakiya ta shekara goma a shagon nan, ta san kowane bandir kamar ita ta saƙa shi, amma ba wanda ya kawo ta a lissafi, har ni. Abin da ya dame ni kawai shi ne kar a ce gado na ci. Ina so a ce cancanta ce.

Sai na shiga wata formasiyo, wato kwas, ta sati uku a Treichville, a wani ɗaki saman kantin magani. Malaminmu Musyu Kwasi, mutum ne mai ɗaura kirabat a wuya, wato nektai, cikin zafin da ko kaza buɗe baki take yi. Shi ya koya mana yadda ake tafiyar da kasuwanci, wai. Ya zana akwatuna a allo, shugaba a sama, ma'aikata a ƙasa, ya ce kowa ya zana na gidansu. Na rasa inda zan sa Inna, wadda ba ta taɓa taka shagon ba amma ba a taɓa sayen kalar da ba ta so ba. Ya ce taro kar ya wuce minti goma sha biyar. Na ce masa a wajenmu minti goma sha biyar ba a gama tambayar gajiya ba. Ya ce shi ya sa ba ku ci gaba. Mutumin da takalminsa ɗaya duk sati ukun. Amma ya nuna mana wani lojisiyel, wato tsarin da ake sa wa ordinatar, kwamfuta ke nan, ya riƙe maka sunayen masu sayen kayanka, da lambar wayarsu, da irin kayan da kowa ke so. Wannan kam ya shiga raina. Na dinga yi wa Baba naci har ya sayi ordinatar, ba don ya gamsu ba, don maƙwabcinmu mai atamfa ya riga shi saye. Ranar da aka kawo ta ya sa tela ya ɗinka mata riga da ragowar shadda.

Matsala ta fara ranar da na zauna zuba sunaye. Mashin yana son suna da sunan uba, kowa da nasa layi. Na juya wajen Baba.

"Baba, wancan mai zuwa daga Abobo, yaya sunansa?"

"Alhaji."

"Alhaji wa?"

"Alhaji na Abobo mana."

"Na Abobo su biyar ne."

"To, mai ɗan tsawon."

Haka muka wuni. Shekara talatin yana ciniki da mutane, ya san garinsu, ya san matansu nawa, ya san wanda ƙafarsa ke kumbura da damina, amma suna sai Alhaji. Waɗanda ya tuna kuwa, bakwai Musa ne. Na rubuta Alhaji Musa na farko, mashin ya karɓa. Na rubuta na biyu, ya yi ƙara ya ce ai yana da shi. Na ce wa mashin wani ne daban, bai ji ba.

Sai muka zo kan tsohon nan na unguwar Arras. Wannan shi ne mutumin da ya sauke Baba lokacin da ya zo Abidjan daga Maraɗi yana saurayi, ya ba shi tabarma, ya ba shi bandir na farko ya ce je ka gwada. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, don sunan mahaifinsa gare shi.

"Rubuta Maigidana," in ji Baba.

"Baba, ai ba maigidan mashin ba ne. Suna yake so."

"To ya ci gaba da so."

Yaya Rakiya tana ninke shadda a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Laminu, ka tashi ka bi su ɗaya-ɗaya ka gaishe su ka tambaya mana." Na ce mata shugaba ba ya yawo, Musyu Kwasi ya ce shugaba zama yake ya hango. Gaskiyar magana kuwa kunya ce da ƙyuya. Yaya zan tsaya gaban sa'an ubana in ce yaya sunanka, kamar ɗan sanda?

To ni dama ina da sunayensu. Tun ina yaro na raɗa wa kowa nasa, muna sha da abokaina a kiyos wajen mai kofi. Akwai Alhaji Tumbi-Gaba, wanda cikinsa ke yin sallama kafin shi. Akwai Alhaji Rediyo. Akwai Alhaji Taɓa-ka-Bari, wanda zai shafa kowane bandir a shagon ya tafi da rabin ɗaya. Akwai Alhaji Turare-Kwalba-Guda. Tsohon Arras kuwa, tunda duk Juma'a liman na fara huɗuba shi ke fara gyangyaɗi, na sa masa Alhaji Barci-a-Sahu. Na zuba su duka, mashin bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Yaya Rakiya ta leƙo ta karanta, ta yi dariya har ta dafa kanta, sannan ta ɗaure fuska.

"Bakin nan naka ya samu yatsu ke nan. Goge."

"Daga ni sai mashin, Yaya. Wa zai gani?"

Kuma ku ji, abin ya yi aiki, wannan ne gwaggonku ba ta faɗa muku. Sati biyu ina sarauta. In na buga "tumbi" sai ga shi, ruwan toka yake so, ba ya son mai sheƙi da yawa. Kafin mutum ya gama zama na fito masa da kalarsa. Baba ya fara kallona da wani ido. Har na ji yana ce wa maƙwabci yaron nan fa ashe da kai a wuyansa.

Sai kayan Sallah suka iso daga tashar jirgin ruwa. Da can Baba ne ke kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kwana uku yana gaisuwa. Musyu Kwasi ya ce wannan ɓata lokaci ne, lojisiyel na iya aika wa kowa saƙo a bugu ɗaya. Ya nuna mini samfuri, na ga an rubuta gaisuwa da sanarwar sabon kaya, lafiya lau. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ya ce in danna, wai yana sa saƙo ya yi ɗumi, mai saye ya ji kamar shi kaɗai aka rubuta wa. Na danna. Ban tambayi da me zai ɗumama shi ba. Na saita shi ranar Juma'a ƙarfe uku, lokacin da kowa ya ci ya ƙoshi.

Abin da ban lissafa ba, ranar akwai ɗaurin aure a Bromakoté. Jikar tsohon Arras ake aurarwa ga ɗan wani mai goro. An tare titi da rumfa, an shimfiɗa tabarmi, kuma kusan duk mutanena arba'in da uku suna zaune a wajen, gwiwa na gugar gwiwa. Ni ma ina can baya cikin sabuwar riga, ina duba agogo ina murmushi. An shafa fatiha ke nan, ana jiran rabon goro, sai aljihuna suka ɗauki kuka gaba ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwa.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Dattawan nan suna karanta Alƙur'ani kamar ruwa, amma boko sai a hankali. In saƙo ya shigo, miƙa wa na kusa ake yi ya karanta da ƙarfi. Na kusa kuwa ranar shi ne Malam Sule mai fito da kaya daga kwastan, mutumin da Allah ya ba murya bai ba shi birki ba. Ya karɓi waya ta farko, ya gyara tabarau.

"Bonjour, Alhaji Tumbi-Gaba. Sabuwar shadda ta iso shagon Alhaji Isufu."

Sai wani ya tuntsire, sai rumfa ta ɗauka. Abin haushin, maimakon su ɓoye wayoyinsu, sai kowa ya shiga miƙa tasa, yana so a ji na maƙwabcinsa. Kowa na dariya har a zo kansa. Alhaji Rediyo ya yi dariyar Alhaji Turare har da hawaye, aka karanta nasa, ya ce wannan rashin tarbiyya ne. Malam Sule yana karɓa yana karantawa kamar mai kiran sunayen maniyyata. Na yi ta yi masa alama da hannu, ya ɗaga mini hannu shi ma, wai gaisuwa.

Tsohon Arras yana gaba, kusa da surukansa sababbi, kuma wallahi gyangyaɗi yake. Dariyar ce ta tashe shi. Ya laluba aljihu, ya miƙa tasa wayar da murmushi, bai san me ake ciki ba. Malam Sule ya karanta kafin idonsa ya gaya wa bakinsa ya tsaya.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya karɓi wayarsa, ya miƙe a hankali, ya nemi takalmansa. Ko goron auren jikarsa bai tsaya karɓa ba. Baba ya bi shi da gwiwoyin nan nasa yana "Maigida, Maigida", bai waiwayo ba.

Washegari na je wajen Musyu Kwasi. Ya saurare ni, ya gyara kirabat, ya ce wannan ƙaramin abu ne, a harkar kasuwanci ana kiransa sarrafa rikici. In ce ƙwayar cuta ce ta shiga mashin ta haɗa sunaye. Kuma ga mamakina, rabin Adjamé sun riga ni. Wasu na cewa maƙiyan Alhaji Isufu ne suka shiga ordinatar daga nesa. Wani ya rantse irin mashin ɗin nan yana jin hirar mutane ya riƙe. Hanya a buɗe take, sai in bi kawai. A gida Baba bai ce mini uffan ba. Inna ce kawai ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ci, bakin ai ya yi aiki, ya gaji."

Ranar Lahadi da hantsi Baba ya ce in sa babbar riga, za mu Arras. Gada ta cushe, sai muka ɗauki woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Plateau muka shiga jirgin ruwa. Yana kallon ruwa ya fara magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce wata shida ya yi a ɗakin mutumin nan bai taɓa tambayarsa yaushe zai tashi ba. Ya ce ranar da aka haife ni, shi ya yi mini huɗuba a kunne. Muka sauka a tashar Treichville, mutane na ture mu, masu lemu na kira, sai ya ja ni gefe ya tsaya.

"Mutane na cewa mashin ne. In mashin ne, ka gaya mini yanzu, ni zan faɗa masa da bakina. Zai yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Bayan Sallah ka karɓi makullinka."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"In kuma kai ne, kai za ka faɗa, a gabansa. Makulli kuwa ka cire shi a ranka, don ba zan ba alhazan nan kunya sau biyu ba."

Har yau in na tuna ina jin haushi. Sati uku na biya kuɗin formasiyo, ba a koya mini wannan ba. Da ni zan yi ƙaryar, wallahi da na yi ta, na iya, na yi wadda ta fi ta a lekol. Amma Baba ya shirya abin yadda ƙaryata za ta fita ta bakinsa shi, zuwa kunnen mutumin da ko sunansa ba ya iya kira. Kuma ya sani. Wa ya ji ni ina kwaikwayon gyangyaɗin tun ina ɗan shekara goma, ya jefe ni da takalmi? Na kalli ruwa, na kalli gwiwoyinsa, na ce, "Mu je, Baba. Ni zan yi magana." Bai ce madalla ba. Cewa ya yi in riƙe masa hannu a matakala.

Mun sami tsohon a hawa na biyu, zaune kan buzu. Aka yi gaisuwa doguwa, irin wadda Musyu Kwasi zai suma. Sannan na durƙusa na ce ba mashin ba ne, ni ne, ni na raɗa, ni na rubuta. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ina barci a masallaci," ya ce. "Na sani. Liman ma ya sani. Shekara ashirin ana faɗa a bayana, ban damu ba, abin da aka faɗa a baya iska ce. Kai ne ka yi masa ƙafa, ya tako har gaban surukaina."

Na ce a yi mini afuwa.

"Za a yi. Yaya sunana?"

Na buɗe baki. Na kalli Baba, Baba ya kalli silin. Shekara ashirin da huɗu ina cin goron Sallar mutumin nan.

"Ka gani, Isufu," in ji shi. "Ya san inda nake barci, bai san sunana ba." Ya juyo gare ni. "Mu nawa ne a cikin akwatin naka?"

"Arba'in da uku."

"Ka bi arba'in da biyun nan har ƙofar gidajensu, ba shago ba. Ka gaishe su, ka ba su haƙuri, ka tambayi sunansu da na ubansu da garinsu. In ka gama ka zo ka karanta mini da ka, ba da takarda ba. Sannan in gaya maka nawa."

Wato abin da Yaya Rakiya ta ce in yi tun farko a kyauta, shi na yi da tara. Wata biyu ina yawo, Abobo, Koumassi, Bromakoté, har takalmina ya buɗe baki. Alhaji Tumbi-Gaba, wanda ashe Alhaji Musa Ɗan-Tawa ne, ya ce sunan ya yi daidai, ya sa aka kawo mini shinkafa ya tsare ni sai da na cinye. Alhaji Rediyo ya riƙe ni awa huɗu yana bayanin cewa shi ba mai surutu ba ne. Alhaji Taɓa-ka-Bari ya kama hannuna ya ɗora kan shadda biyu ya ce wace ce ta gaske. Na kasa. Ashe gidansu marina ne tun kakanni, yatsunsa sun fi idon kowa, kuma shafawar nan da yake yi Baba ne ke roƙonsa, don ya gane in an cusa mana jabu. Mutum shida sun karɓi gaisuwata a tsaye, kuma ba su sake taka shagonmu ba har yau. Wannan ba abin dariya ba ne, Baba ya ji zafinsa, ni na jawo. Sauran kuwa suka rama da abin da na fi iyawa. Ina shiga layi sai in ji, "Ga Bonjur nan tafe." Shi ne sunan da kuke ji ana kirana da shi a kasuwa kuna tambaya.

Bayan Sallah Baba ya tara mu, ya ɗauko makulli ya ajiye a tafin Yaya Rakiya. Wasu dattawa suka yi gunaguni, wai mace. Ya ce su nuna masa bandir ɗaya da ta taɓa ɓatarwa. Ni na zaci za ta jefar da ordinatar. Ina. Ta cire mata rigar shadda, ta zaunar da ni na karanto mata sunayen nan na gaskiya ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa, ta zuba. Har yau da shi take aiki, kuma ta fi ni iyawa, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan. Ni kuwa ta ce tunda na riga na san ƙofar kowa, in ci gaba da zagayawa. Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya. Ta buga mini kati an rubuta wani dogon muƙami da Faransanci, amma ni da ita mun san ma'anarsa: mai gaisuwa. Kuma in za ku ji gaskiya, rabin cinikin shagon nan daga gaisuwar yake fitowa, sai dai kar ku gaya wa gwaggonku na ce rabi kawai.

Don haka in kun girma kun shiga ofis, ko wane iri ne, kar ku danna akwatin da ba ku san me ke cikinsa ba. In mai kirabat ya ce abu zai yi ɗumi, ku tambaye shi da wace wuta. In kuma babbar 'yar'uwarku ta ce ku goge, ku goge, ko da kuwa tana dariya.

Na koma Arras ranar wata Laraba. Na durƙusa na jero arba'in da biyu da ka, na yi tuntuɓe a Musa na biyar, ya gyara mini. Da na gama ya ce in matso. Ya faɗa mini sunansa, da na ubansa, da ƙauyensu, a hankali, kamar mai ba da ajiya. Ya ce, "To, ka riƙe. Wannan ba na akwati ba ne." Baba yana gefe yana share ido yana cewa hayaƙin turaren wuta ne.

Tsohon ya rasu wata huɗu kafin a haife ka, Maigida. Ranar suna Baba bai tambaye ni ra'ayi ba, ya raɗa wa liman sunan tsohon a kunne, ni ma ban yi musu ba. Shi ya sa ba ka taɓa jin na kira ka da sunan da ke kan takardarka ta lekol ba, kuma ba za ka ji ba, ko a nan ban rubuta shi ba. Ka daina cewa wai na manta ne.

Kuma Juma'ar da ta wuce na gan ka a sahu na uku, liman na huɗuba kanka na lilo. Na gani sarai. Ban ce komai ba.